Zafi ko asid: wanne ne ke buɗe kafofin yumɓu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Na gasa yumɓun bentonait a digiri 700 na ma'aunin Celsius don kafofinsa su ƙaru, amma da aka auna sai na ga sun ragu. Ina matsalar take? Ko asid ya kamata in yi amfani da shi?

Amsa: Awon naka daidai ne. Bentonait ba ya son wuta mai yawa.

Ma'adinin da ya fi yawa a cikinsa, wato montmorilonait, falle-falle yake kamar shafukan littafi, kuma ruwa ne ke zaune a tsakanin fallayen yana tokare su. Daga digiri 100 zuwa 200 wannan ruwan yake fita, sai kaurin kowane falle tare da gurbinsa ya sauko daga kusan nanomita 1.5 zuwa 1 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Idan wuta ta kai wajen 600 zuwa 700, ruwan da ke ɗaure a jikin ginin ma'adinin shi ma ya tafi, fallayen su manne, yumɓun ya daina kumbura. Nan ka kai naka.

Aikin asid daban ne. Idan aka dafa bentonait cikin asid ɗin salfurik ko haidirokulorik a zafin da bai wuce digiri 100 ba, da farko yakan kori kalsiyum da sodiyum da ke tsakanin fallaye. Daga nan sai ya kama ci daga gefe-gefe, yana narkar da alminiyum da magnesiyum da ƙarfe, ya bar silika mai ramuka. Faɗin farfajiyar giram ɗaya, har da cikin ramukan, wanda a da bai cika kai murabba'in mita 100 ba, yana iya haura 200. Da irin wannan ƙasa masana'antu ke cire launi daga man girki.

Sai dai hattara: ƙaruwar tana da iyaka. In asid ya yi ƙarfi fiye da kima ko dahuwar ta daɗe, ginin yakan rushe gaba ɗaya, ƙananan ramuka su haɗe su zama manya, faɗin ya sake faɗuwa. Don haka ka raba samfurinka kashi-kashi, ka bambanta ƙarfin asid ɗin, ka auna kowanne da hanyar BET ta auna faɗin farfajiya, wadda ke amfani da iskar naitirojin a digiri 196 ƙasa da sifiri. Wajen haɗawa kuma, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

Mai yiwuwa bayanin kawolin, wani nau'in farin yumɓu, ka karanta ka ɗora wa bentonait. Shi kawolin ɗanye yana da taurin kai, asid ba ya cin sa sosai. Sai an gasa shi tsakanin digiri 550 da 800, ya zubar da kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsa, ya koma metakawolin, sannan asid ke iya zare alminiyum ɗinsa cikin sauƙi. Ka ga ko a nan ba wutar ce ke haƙa ramukan ba, sassauta ginin kawai take yi. In aka zarce 950 sababbin ma'adinai su fara fitowa, ƙwayoyin su soma haɗewa, kafofin su toshe.