Bikin baje kolin ulu a Ingila: in tafi da kayan sayarwa ko in je kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kano, ina sayar da zaren saƙa, kwarashi da kayan sanyi na jarirai, ina kuma ba marina rinin zaren auduga da baba. Ƙanwata da ke karatu a Leeds ta ce in zo bikin baje kolin ulu da ake yi kusa da su a watan Satumba. Niyyata in cika jaka biyu da kayana in sayar a can, in sayo ulu na asali da kuɗin, in kawo Kano. Kuɗin tafiyar daga jarina zan cira. Shin tafiyar za ta biya kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A yadda kika tsara ta, ba za ta biya ba. Sayarwar da kike shirin yi doka ta hana, ulun da kike son sayowa kuma ba shi da masu saye a shagonki. Akwai dai wata tafiyar a cikin wannan tafiya da za ta iya amfanarki, idan kika yarda cewa ciniki ba a ranar za a yi shi ba.

Bikin da ƙanwarki ke nufi, bisa ga wuri da lokacin da ta faɗa, shi ne Yarndale, wanda ake yi a garin Skipton na yankin Yorkshire a ƙarshen Satumba, Asabar da Lahadi. An fara shi a 2013, kuma a kasuwar gwanjon dabbobi ta garin ake yin sa, inda ake mai da shingayen tumaki rumfuna. Daga Leeds tafiyar jirgin ƙasa ce da ba ta kai awa ɗaya ba. Akwai irinsa a wasu wurare, kamar Wonderwool Wales a watan Afrilu da Shetland Wool Week a tsibiran arewacin Sukotland, amma tsarinsu ɗaya: ba kasuwar da mutum zai zo ya shimfiɗa tabarma ba ce. Rumfa ana nemanta ne watanni kafin ranar, masu shiryawa su duba hotunan kayanka su zaɓa, a biya ɗaruruwan fam, a kuma nuna takardar inshora. Wanda ba shi da rumfa mai kallo ne, da tikiti ya shigo.

Sai batun biza, wanda ya fi na rumfa nauyi. Bizar ziyara ta Birtaniya ta yarda ki halarci baje koli, ki gana da 'yan kasuwa, ki nuna samfur, har ki ƙulla yarjejeniya. Ba ta yarda ki sayar wa jama'a kai tsaye ba. Idan jami'in filin jirgi ya buɗe jaka ya ga hular jarirai ɗari biyu iri ɗaya, zai tambaye ki, kuma amsar "zan sayar" ta isa a mayar da ke, abin ya zauna a tarihin fasfonki. Kada ki ce ƙanwarki za ta sayar a madadinki. Bizar ɗalibi ta hana mai ita yin kasuwancin kansa, za ki jefa karatunta cikin haɗari saboda ribar jaka biyu. Ko samfurin da za ki ɗauka, tunda kayan kasuwanci ne, sai kin bayyana shi ga kwastan.

Yanzu ulun da kike son sayowa. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, akirilik. Ki gwada da ashana: ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, masu gashi ne, ba a aske su don ulu, shi ya sa masu sayenki ba su saba da shi ba, ba su kuma saba da farashinsa ba. A irin wannan biki, ɗauri ɗaya mai giram 100 wanda aka rina da hannu yana kaiwa wajen fam 20. Mu ɗauki fam a naira 2,000 don sauƙin lissafi: naira 40,000 ke nan. Riga da hula da safar jariri za su ci ɗauri biyu, wato naira 80,000 kafin a biya mai saƙa. Wace uwa ce za ta biya haka don kayan da yaro zai sa wata biyu na hunturu ya fi ƙarfinsu?

Ko ta biya, wanki zai kawo miki rigima. Gashin ulu yana da 'yan ɓawo ƙanana a jikinsa; idan ya haɗu da ruwan zafi da sabulu da cuɗa, ɓawon sai su sarƙe da juna, rigar ta tsuke ta yi kauri, ba ta kuma komawa yadda take. Garin sabulun wanki mai ƙarfi yana cin zaren, bilic kuwa narkar da shi yake yi. Kayan jarirai kullum a wanki suke. Abin da ya rage a shago bayan sanyi ya wuce, asu ne zai same shi kafin wata shekara. Ɗanyen ulu wanda ba a wanke ba, da za ki gani a buhuna da araha, kada ki taɓa shi: kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinsa maiƙo ne da datti da za su tafi a wanki, sannan kayan dabba ne da hukumar killace kayan noma ta Najeriya ke da hurumi a kansa. Ki kuma sani cewa tun farkon 2021 Birtaniya ta daina mayar wa baƙi harajin kashi 20 da ke cikin farashin kaya a filin jirgi. Abin da kika biya a rumfa ya tafi.

Abin da ke da daraja a tambayarki shi ne zaren audugar da kike ba marina. Mutanen da ke zuwa irin wannan biki suna biyan kuɗi don sanin asalin kaya: wace tunkiya, wace gona, wa ya kaɗa, da me aka rina. Rinin baba na karofi, irin na Ƙofar Mata da na Kura, abu ne da suke karantawa a littafi, da wuya su ga mai shi ido da ido. Nan ne kike da abin da maƙwabcin rumfa ba shi da shi. Sai dai kayan a yadda muke sayar da su a gida ba za su karɓu ba, saboda dalilai da za ki iya gyarawa tun kafin ki nemi biza.

Na farko zubar shuni. A wajenmu turkuɗi mai sheƙi da ke barin shuɗi a fata abin so ne, Buzaye don shi suke saye. Mai saƙa a Ingila idan zare ya ɓata mata yatsu da tsinken saƙa na katako, za ta mayar da shi ta kuma faɗa wa ƙawayenta a intanet. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a zaren sau goma. In ya ɗauki launi sosai, rinin bai zauna ba. Maganinsa a yi tsomi gajere sau da yawa maimakon dogo sau ɗaya, a bar zaren ya sha iska sosai tsakanin kowane tsomi har koren ya juye shuɗi gaba ɗaya, sannan a wanke da sabulu mai laushi har ruwan ya fita fari. Ki gaya wa marinin kada a ƙara masa garin shuni kuma kada a kai shi bugu.

Na biyu awo. Mu da ido muke sayen zare, su da lamba. Mai saƙa tana son sanin mita nawa ne a giram 100, domin da shi take lissafin ko zai ishe ta riga. Zaren da suke kira 4-ply yana da wajen mita 400 a giram 100, DK wajen mita 225, Aran ƙasa da 200. Ki sa kafinta ya yi miki firam wanda zagayensa mita 2 ne daidai, ki naɗe zaren kina ƙirgawa. Zagaye 100 mita 200 ke nan, sai ki ɗora a sikelin dijital. Ki ɗaure kowane ɗauri a wuri huɗu, sako-sako, don kada ya cukurkuɗe. A takardar da za ki liƙa ki rubuta irin zaren da kasonsa, misali auduga 100%, domin dokarsu ta wajabta wannan, sai nauyi, tsawo, yadda ake wanki, da lambar rukunin rini. Wannan lamba ba ado ba ce: ramin baba ba ya ba da launi ɗaya yau da jibi, kuma wadda ta haɗa ɗauri biyu daga rukuni daban za ta ga layi a tsakiyar rigarta.

A ganinmu ma masu saƙa da tsinke ba su ne manyan masu sayenki ba. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu, abawar da aka kaɗa da mazari kuma kaurinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Masu saƙar masaƙa, masu surfani da masu gyaran tufafi da ɗinkin ado su ne ke neman irin wannan zare, da saƙin hannu mai siririn faɗi. Su za ki nema a rumfuna.

To ki je da kundin samfur maimakon jaka biyu: ƙananan ɗauri na giram 20 a matakan shuɗi biyar ko shida, daga mai haske zuwa mai duhu, 'yan yankan saƙi, hotunan marinar da masu aikin, kati mai adireshin imel da shafin Instagram, da takardar farashin sari a fam. Wajen farashin ki yi lissafi daga sama zuwa ƙasa. Idan ɗaurinki zai sayu fam 12 a shagonsu, haraji ya ɗauke fam 2, mai shago zai so wajen rabin abin da ya rage, ke ki tashi da fam 5, a ciki za ki biya auduga, kaɗi, rini, takarda da kuɗin aikawa. In ribarki ta tsaya fam 2 a ɗauri, tafiyar kuma ta ci, a ce, fam 1,500 tsakanin biza da jirgi da zirga-zirga, sai kin sayar da ɗauri 750 kafin ki mai da kuɗin tafiya kaɗai. Wannan lambar ita za ki riƙe. Shin marinanki da masu kaɗinki za su iya fitar da ɗauri 750 masu inganci ɗaya cikin shekara? In amsar a'a ce, ki ɗauki tafiyar a matsayin zumunci, ki biya ta daga aljihunki, ki bar jari ya sarara. Ko amsar e ce, kada kuɗin su fito daga na sarin kayan hunturu, domin Satumba lokacin cika shago ne.

Idan kin yanke shawarar zuwa, ana iya neman biza tun wata uku kafin tafiya. Ki nema a Yuli. Ki haɗa bayanan asusun banki na wata shida, takardar rajistar kasuwancinki, wasiƙar gayyata da tikitin bikin. Kada ki ari kuɗi ki zuba a asusu ana gobe za ki nema, domin kuɗin da ba a san asalinsu ba suna cikin manyan dalilan hana biza. Tikitin shiga ki saya ta intanet tun da wuri. Ki kwana a Leeds wajen ƙanwarki, masaukan Skipton cika suke yi. Wurin siminti ne, da sanyi, ruwan sama kuma ba ya sallama, ki sa takalmi rufaffe.

Ki sayi tikitin kwana biyu. Ranar Asabar cunkoso ne, mai rumfa ba shi da lokacin hira. Ki zaga da littafi kina rubuta farashi, nauyi, yadda aka naɗe kaya, da rumfunan da ke sayar da zaren wasu ƙasashe ko rinin itatuwa. Ranar Lahadi da rana, in mutane sun ragu, ki koma wa guda goma da kika zaɓa. Ki sayi ɗan abu, ki nemi izini kafin ɗaukar hoto, ki nuna kundin cikin minti biyu, ki bar samfur kyauta, ki tambayi ranar da ya dace ki aiko da imel. Kada ki matsa a yi ciniki a tsaye, kuma ba a taya kaya a nan yadda muke yi a Kwari.

Sayayyar da za ta amfane ki kaɗan ce: na'urar hannu ta dunƙule zare da abin da ke riƙe ɗauri yana juyawa, ma'aunin kaurin tsinke, da kilo ɗaya na farin ulu marar rini don gwaji. Masaƙun yankin, irin su West Yorkshire Spinners da ke Keighley a kan hanyar jirgin Skipton, suna nuna miki yadda farashin kamfani ya bambanta da na rinin hannu. In za ki gwada rina ulun a gida, kada a jefa shi ramin da aka haɗa don auduga. Toka da katsi suna sa ruwan ya yi kaifin da auduga ke jurewa amma ulu ba ya jurewa, zai fito da kaushi yana tsinkewa. A haɗa masa baho dabam mai sassaucin toka, ruwa mai ɗumi, tsomi na minti biyu zuwa uku ba tare da cuɗa ba, a ƙarshe a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa khal.

Idan oda ta zo bayan kin dawo, ki fara da ƙarama, kilo biyu zuwa biyar ta kamfanin aika saƙo, a biya rabi kafin a fara rini, sauran kafin kaya su tashi. Ki yi rajistar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta Najeriya, NEPC, wadda ke da ofis a Kano, ki kuma tambayi bankinki game da fom ɗin NXP, wanda mai fitar da kaya ƙasar waje ke cikewa. Najeriya tana cikin tsarin rangwamen harajin shigo da kaya da Birtaniya ta fara wa ƙasashe masu tasowa a 2023, don haka ki rubuta a takardar kaya cewa audugar da aikin duka na Najeriya ne, ki kuma amince da mai sayen a rubuce kan wanda zai biya harajin shiga kafin ki rufe kwali.