Amsar da na ba yarona kan kiɗan 'yan sakandare

Kai yaro, saƙonka ya iso. Ka ce wata sakandare a Agege, nan Legas, ta kira ka ka haɗa wa ɗalibanta kiɗan taro saboda bikin ƙarshen shekara, kana tambaya wane kiɗa za ka koya musu, kuma wa za ka ba wace ganga. Shekara shida kana bina da kalangu a kafaɗa, ai bai kamata a ce sai an gaya maka wannan ba. Amma ka taɓo mini inda ke ciwo, don haka saurara.

A 2014 wani mai makarantar kuɗi ya zo har gidana da mota, ya durƙusa ya gaishe ni, Baba kaza Baba kaza. Yana son yara 16 su yi kiɗan Hausa a gaban iyaye ranar raba kyaututtuka, cikin watan Yuli. Muka yi ciniki a naira 250,000, ya ba ni 50,000 kafin alƙalami, sauran sai bayan biki. Ban ce a rubuta komai ba, domin mu a inda muka taso bakin mutum shi ne takardarsa. Da kuɗin aljihuna na aika Arewa aka sassaƙo mini kangon ganga tara na icen alilliba. Na tafi mayankar Oko-Oba da asuba na zaɓi fatun akuya ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga su a hasken rana ina duba inda wuƙar mai fiɗa ta ci. Ni na jeme, ni na ɗaure, ni na ja tsarkiya. Kalangu biyu, ɗan karɓi (ƙaramin kalangu), kuntuku biyu ('yar gangar da ke raka kalangu), ganga huɗu. Wata uku ina shiga motar haya sau uku a mako, cikin cunkoson garin nan, ina koya wa 'ya'yan mutane.

Kuma yaran sun iya, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai wata yarinya Bayarabiya da na ba kuge, ƙarfen nan da ake bugawa, in ta kama bugu ko jirgin ƙasa ya wuce ba ta gocewa.

Saura mako biyu biki sai mutumin ya zo da buƙata biyu. Ta farko, ɗansa ne zai riƙe uwar kalangu, don mahaifiyarsa ta gayyato ƙawayenta. Yaron ko wata bai cika yana zuwa ba. Ta biyu, in daina yawo da ganguna, in bar su a makaranta, akwai ɗakin ajiya mai kwaɗo. Na yi gardama, ya yi ta daɗin baki, na ji kunyar idonsa na amince. Na dai ja kunnensu cewa a rataye su a bango, kada ɗaya ta taɓa ƙasa.

Daren biki aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe aka buɗe ɗakin, sai ga gangunana a jibge kan siminti, rufin yana yoyo a kansu. Fatun duk sun sha ruwa sun saki, in ka buga sai ka ji kamar kana dukan katifa. Na ce a ba ni gawayi in gasa su rabin awa kawai. Ya ce babban baƙo ya riga ya zauna, kuma ba a hura wuta a harabar makarantarsa. Haka yaran nan suka fita. Ɗan nasa ya matse kalangu a hammata, muryar ta ƙi tashi, ya rikice ya fara saurin bugu, masu gangunan suka bi shi, yarinyar mai kuge ta tsaya ita kaɗai a kan daidai tana hawaye. Ina tsaye a gefe iyaye suna kallona.

Washegari na je karɓar kuɗina. Mutumin ya shafa wa idonsa toka ya ce na kunyata makarantarsa, ba zai ƙara ko sisi ba, kuma gangunan na makaranta ne tunda da 50,000 ɗinsa aka yi su. Mai gadi ya raka ni bakin ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai sai shekara ta zagayo: wani ya nuna mini bidiyo a waya, ga gangunana, ga tsarina tun daga shiga har fita, wani malaminsu da ya riƙa ɗaukar mu a waya lokacin koyo shi ke tsaye a gaba ana tafa masa. Har yau ban yafe ba, na bar shi da Allah.

To kai, kafin ka yi zancen wane kiɗa, ka karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗinka, a rubuce, da sa hannu. Kuma ganga ba ta kwana a makaranta. Damshin Legas ba irin na Kano ba ne, a nan ko ba a yi ruwa ba iskar teku kaɗai tana sassauta fata. Ranar biki ka tafi da kurfoti da gawayinka.

Batun rabon ganguna kuwa, kada ka wuce yara 12. Duk za su yi rububin kalangu, domin 'yan yanzu kowa so yake a gan shi a gaba a ɗauke shi hoto, ba mai son zama a baya ya riƙe gindin kiɗa. Ka hana su. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar Hausa ta hanyar matsa tsarkiya da sakinta, wannan kuwa ba aikin zango ɗaya ba ne. Kai za ka riƙe uwar da kanka. Yaron da ya fi kowa natsuwa, wanda ba ya yawan surutu, shi za ka ba kuntuku ko kuge, don a kansa kowa zai jingina. Masu ƙarfin hannu su ɗauki ganga, 'yan mata ka kifa musu ƙwarya a ruwa. In akwai 'ya'yan Yarabawa da suka taso suna jin gangan, ka gwada su a ɗan karɓi, kunnensu ya saba da ganga mai magana. Kiɗan kuma ka ɗauki mai sauƙi, irin na noma ko na 'yan mata, su rera shi da baki har ya zauna kafin hannu ya taɓa fata. Minti biyar ya ishe su. Ka fi ba da ƙarfi a kan taken tsayawa, domin yara sukan fara tare amma ba sa iya ƙarewa tare.

Yadda ake riƙe makaɗi da yadda ake ɗaure fata ba zan ɓata bakina a kai ba. Ka zo ranar Asabar da asuba mu je Oko-Oba, kuma ka taho da takardar da suka ba ka in ji abin da ke ciki kafin ka sa hannu.