An cinye mana burtali, za mu iya zuwa kotu?

Malam, ka ce wani ya nome burtalin garinku a jihar Damagaram, kana tambaya ko talakawa za su iya kai ƙara. Ƙwarai kuwa, amma kada ku fara da kotu. Rikicin ƙasa ta al'ada sai an fara neman sulhu wajen mai gari ko sarki. In sulhu ya gagara, ku karɓi takardar rashin sulhu. Nan mutane ke faɗuwa: suna zuwa hannu rabbana, alƙali ya maido su.

Ku nemi hukumar filaye, Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, ta duba iyakar burtalin a rubuce. A kotu alƙali yana zama da masana al'ada, don haka ku kawo dattawan da suka san hanyar shanun.