Tumbi Bayan Shekara Arba'in

Tambaya: Malama, shekarata 46. Cina bai ƙaru ba, amma tumbi sai girma yake, kayana duk sun matse ni. Abin yana ɓata min rai. Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsoka tana raguwa da shekaru, ɗaukewar al'ada kuma tana tara kitse a ciki. Auna ƙugunki daidai cibiya. In ya wuce santimita 88, a duba miki sukari da hawan jini. Yi tafiya da ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, bayan Asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Rage malmalar tuwo, ƙara miyar ganye, sha furarki ba sukari. Shayin rage ƙiba kuwa, yawancinsa gudawa yake sawa: ruwa ke fita, kitsen yana nan.