Tawali'u, Girman Kai da Durƙusa wa Wada: Amsa ga Masu Karatu

Wata 'yar zumuntar mata daga Kaltungo ta aiko da tambaya, tana cewa a coci suna jin "tawali'u" da "ƙasƙantar da kai" kamar abu ɗaya ne, amma wata maƙwabciyarta ta ce mata tawali'u kalmar Musulmi ce, ba ta Kirista ba. Tana so ta san gaskiyar lamarin.

Malama, kalmar tawali'u daga Larabci ta shigo Hausa, kuma asalinta daga aikatau ne mai ma'anar ajiye abu ko sa shi ƙasa. Harafin da Larabawa ke kira "dad" (ض) yakan koma "l" a bakin Bahaushe, shi ya sa muke cewa alƙali, alwala, farilla, larura da lamiri, kuma wannan hanyar ce tawali'u ta biyo. Shigowarta daga Larabci bai mai da ita ta addini ɗaya ba, kamar yadda addu'a, zunubi, aljanna da sunan Allah kansa suka zama dukiyar duk mai jin Hausa. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, waɗannan kalmomi suke bakin Kiristoci, har a ƙasar Tangale da Waja, inda mutane ke da harsunansu amma sau da yawa suke yin sujada da Hausa.

Akwai bambanci ƙarami tsakanin maganganun biyu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tawali'u hali ne da ke zaune a zuciya, ƙasƙantar da kai kuwa aiki ne da mutum yake yi da gangan. Sai dai a kiyaye kada a haɗa su da ƙasƙanci, domin ƙasƙanci wani ne yake ɗora maka shi ba da son ranka ba, ɗan'uwan wulaƙanci ne. Na taɓa ganin wani dattijon ikkilisiya a Gombe, wanda ya yi ritaya daga babban muƙami, ya naɗe hannun rigarsa ranar Asabar yana goge bencina tare da yaran makarantar Lahadi. Babu wanda ya ƙasƙanta shi; shi ne ya ƙasƙantar da kansa. Abin da Yesu ya yi ke nan a Yahaya sura 13, da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawan gida ya saba yi wa baƙi.

Wani malamin makaranta daga Billiri ya tambayi ma'anar "girman kai rawanin tsiya", da kuma dalilin da ya sa "girma" abin yabo ne amma "girman kai" abin zargi.

Malam, amsar tana cikin rawanin. Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta, a fadar Mai Tangale ko a fadar Sarkin Gombe, ya san cewa mai sarauta zama yake yi, wani ya zagaya masa rawanin a gaban jama'a. Girma ma haka yake a Hausa: ba da shi ake yi, shi ya sa muke cewa "an ba shi girma" ko "ya riƙe girmansa". Mai girman kai kuwa bai jira kowa ba, ya tashi ya naɗa wa kansa, kuma rawanin da mutum ya naɗa wa kansa ba ya zuwa da talakawa, ba ya zuwa da gaisuwa, sai nauyi a ka. Tsiya a nan ta wuce talaucin aljihu, ta haɗa da rashin albarka da gudun da mutane suke yi wa mai wannan hali. Karin maganar ta yi daidai da abin da Yakubu ya rubuta a wasiƙarsa da ke Littafi Mai Tsarki, sura 4, cewa Allah yana gāba da masu girman kai, yana kuma yi wa masu tawali'u alheri, sa'an nan ya umarci masu bi su ƙasƙantar da kansu a gaban Ubangiji, shi kuwa zai ɗaukaka su. Wato naɗin na Allah ne.

Malamin ya kuma tambayi fahariya da alfahari. Tushensu ɗaya ne a Larabci, amma Hausa ta raba musu aiki. Uwa takan yi alfahari da ɗanta ba wanda ya ga laifinta, fahariya kuwa ta fi karkata ga cika baki.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ta zo ne daga wani ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, wanda yake shirin yin wa'azi a kan tawali'u, yana so ya kafa shi a kan "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne".

Ɗana, karin maganar tana da kyau, amma ina roƙonka ka dube ta da idon basira kafin ka hau bagade da ita. Gajiyawa a nan ba gajiyar jiki ba ce, kasawa ce, wato sunkuya wa wanda bai kai ka ba ba ya rage maka komai. Akwai ma masu faɗinta da cewa durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka. To, ka lura da abin da mai maganar ya riƙe a ransa: har yanzu yana ganin ɗayan wada ne, shi kuwa dogo, kuma durƙuson na ɗan lokaci ne, sau da yawa don biyan wata bukata. Nasiha ce mai amfani ga zaman duniya, ga miji da mata, ga ɗan kasuwa da mai saye, ga wanda yake neman sulhu da ƙaninsa. Amma ba za ta ɗauki nauyin tawali'u a gaban Allah ba, domin a can babu wada sai mu, kuma babu tsawon da za mu tashi da shi.

Ka duba misalin da ke Luka 18:9-14, inda Bafarisiye, wato ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin shari'a, da wani mai karɓar haraji suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiyen ya yi godiya ga Allah, ya ambaci azuminsa sau biyu a mako da zakkar da yake fitarwa, duk kuwa gaskiya ne, amma ya auna tsawonsa da na mai karɓar harajin da ke tsaye daga nesa. Shi mai karɓar harajin bai auna kansa da kowa ba, ko ɗaga ido sama bai yi ba, sai bugun ƙirji yake yana roƙon jinƙai, kuma shi ne Yesu ya ce ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin mutum yana iya zama a benci na baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya gai da kowa har ƙasa, alhali a zuciyarsa yana lissafin yawan mutanen da ya fi tawali'u.

In kana son karin maganar da za ta raka wannan nassi, ka ɗauki "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani", domin a kan wannan tudun Bafarisiyen ya tsaya yana addu'a. Ta wada kuwa ka ajiye ta don ranar da za ka yi magana a kan neman gafara tsakanin 'yan'uwa a ikkilisiya.