Madara ba ta wanke ƙurar gilashi daga ƙirji

Tambaya: Malam, ina daka kwalabe ina narka garin a ƙaramin tanderu, ina yin tsakiya, wato duwatsun ado, irin ta mutanen Krobo na Ghana. Wasu sukan tsage bayan kwana biyu. Ga kuma tari ya sa ni gaba, an ce in riƙa shan madara bayan daka. Ya wadatar? Ina da yara ƙanana.

Amsa: 'Yar'uwa, maganar tsagewa mai sauƙi ce. Ko dai kina haɗa gilasan da ba jinsi ɗaya ba, wani mai lamba 90 wani mai 104 (lambar da ke nuna yadda gilashi ke buɗewa da zafi), kowanne da irin takurewarsa idan yana hucewa, ko kuma kina saurin buɗe tanderu. Ki tsayar da zafin tsakanin digiri 480 da 550 a ma'aunin Celsius gwargwadon gilashin, sannan ki bar shi ya huce a rufe.

Batun madarar ne ya tayar mini da hankali. Kullum sai na ji wannan magana, har daga bakin masu koyar da sana'ar suna karɓar kuɗin mutane. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, to ina za su haɗu? Ko kwarya guda kika shanye, abin da ya shiga huhu yana nan. Ɗankwalin da ake ɗaurewa a hanci ma ba ya tare ƙurar da ido ba ya gani, kuma ita ce mai illar.

Sannan ba kowane gilashi ake dakawa ba. Na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yana ɗauke da dalma. Ja da ruwan ɗorawa sau da yawa akwai sinadarin kadmiyom mai guba a ciki. A Zamfara a 2010, niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje ne ya hallaka ɗaruruwan yara. Su ke rarrafe a ƙasa, su ke sa hannu a baki.

Don Allah ki fitar da dakan daga tsakar gida. Ki jiƙa gilashin kafin ki sa taɓarya, ki sa takunkumi N95 ko wanda ya fi shi, ki goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da shara da tsintsiya. Turmin nan kada ya sake ganin hatsi.

Tarin kuwa, idan ya haura mako biyu, ki je asibiti ki gaya wa likita ainihin aikin da kike yi, ki kuma nemi a auna dalma a jinin yaran.