Ƙananan sanwicin kifi: ruwa ne ya ɓata miki aiki, ba kifin ba

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kin yi wa iyali ƙananan sanwicin kifi, garin da kika shafa wa kifin ya sale ya zauna a kasko, burodin kuma kafin a kai shi gaban mutane ya jiƙe ya yi lagwab, yara suka tsince kifin suka bar miki sauran. Kina so ki san ko kifin ne bai dace ba, da kuma ko za ki iya haɗawa tun da wuri, tunda ku takwas ne.

Wasu sun ce ki canza kifi, wasu sun ce ki ƙara ƙwai. Ni dai na daɗe ina yin wannan abu, na kuma ɓata shi iya ɓatawa kafin hannuna ya faɗa, kuma kusan duk lokacin da ya lalace min idan na bi sawu sai in tarar ruwa ne. Ruwan jikin kifi, ruwan kabeji, da tururin da ke tashi bayan suya. Idan kika tare waɗannan ukun, sauran aikin wasa ne.

Kifin da ya fi dacewa shi ne mai farar tsoka wadda ba ta da maiƙo sosai, kuma ba ta dagargajewa da an juya ta: karfasa, giwan ruwa, ko duk wani farin kifi da aka yanko tsokarsa aka raba ta da ƙashin baya. Tarwaɗa ma tana yi, amma ki cire fatar. Kifi mai maiƙo ba na so a wannan aikin, domin ga mai a jikinsa, ga man suya, ga mayonis, abin sai ya gundure mutum tun a na biyu. Ku takwas, kilo 1 na zallar tsoka zai ba ki yanka 16 zuwa 18, kowanne kamar giram 55 zuwa 60. Ki yanka daidai faɗin burodin, ko ya ɗan fi shi kaɗan tunda yana tsukewa a wuta, kaurinsa kuma kada ya wuce santimita 2. Babba yakan ci uku, yaro ɗaya ko biyu, saboda haka in akwai samari a gidan ki ƙara rabin kilo, kada ki ji kunya.

Kafin komai, ki wanke hannu ki bi kowane yanki da ɗan yatsa, kina shafawa daga kai zuwa wutsiya. Ko a takarda an rubuta babu ƙaya, ki duba da kanki. Ƙaya a cikin sanwici ta fi ta cikin faranti hatsari, saboda yaro ba ya ganin abin da yake gatsa. Autana ya taɓa cin karo da guda ɗaya, Allah ya tsare bai haɗiye ba, amma sai da ya yi watanni ba ya yarda da kifi ko wane iri.

Yanzu ga inda nake zargin kin samu matsala. Idan daskararren kifi ne, ki sauko da shi daga wurin ƙanƙara zuwa cikin firij tun daren jiya ya saki a hankali. Wanda aka jefa a ruwan zafi don sauri, waje ya fara dahuwa ciki na ƙanƙara, kuma a cikin mai zai ƙarasa zubar da ruwansa. Bayan ya saki, ki barbaɗa gishiri ki bar shi minti 15. Za ki ga ruwa ya tsattsafo a samansa. Ki goge da tsumma mai tsabta ko takardar kicin, ki sake gogewa, har sai kin taɓa kin ji ba ya santsi. Abin da ke faruwa shi ne, duk ruwan da ya rage tsakanin tsoka da gari yana zama tururi da ya ji zafin mai, tururin kuma sai ya nemi hanyar fita, ya ɗaga garin ya raba shi da kifin. Shi ne abin da kika gani a kaskonki. Lemun tsami kuma, na san muna son sa saboda ƙarni, amma kada ki jiƙa kifin a ciki ya daɗe. Tsamin yana fara dafa tsokar tun kafin wuta, ta yi fari ta saki. Ki ajiye shi sai an gama suya.

Kwano uku za ki jera. Na farko fulawa da ɗan garin masara mai laushi, kamar cokali 1 cikin kowane cokali 3 na fulawa, da masoro da garin tafarnuwa. Na biyu ƙwai 2 ko 3 da aka kaɗa. Na uku garin busasshen burodi. In kin samu irin na Japan da ake kira panko, ya fi ƙaras-ƙaras saboda ɓarzajje ne, in ba ki samu ba ki busar da burodin jiya ki ɓarza shi, kada ya yi luƙui. Fulawar ki kakkaɓe ta sosai, ƙura kawai ake so ta kama, domin in ta yi kauri ita ma salewa take yi. Ki ware hannu ɗaya na busasshe ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki ne za su fi kifin shan gari. A kwanon ƙarshe ki danna da tafin hannu. Sannan ki jera su a faranti ki sa a firij minti 20 ba tare da kin rufe ba. Wannan hutun ne mutane ke tsallakewa don gaggawa, alhali shi ke sa fulawa da ƙwai su kama juna.

Mai ya yi zafi kamar digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas. In ba ki da ma'auni, jefa ɗan gutsuren burodi: ya fara tafasa nan take, ya yi ja cikin kamar minti ɗaya. In ya nutse ya yi shiru, man bai yi ba. In ya yi baƙi kafin ki juya, ki rage wuta. Ba sai mai ya sha kan kifin ba, ya kai rabin kaurinsa ya isa. Ki zuba huɗu ko biyar a lokaci guda, kada ki cika kasko, domin kowane yanki mai sanyi yana sauke zafin man, kuma mai mara zafi shiga cikin gari yake yi maimakon ya soya shi. Minti 2 zuwa 3 kowane gefe, juyi ɗaya tak. Kifi ya dahu idan tsakiyarsa ta kai digiri 63, ko kuma idan kin tsaga ɗaya kin ga tsokar ta yi fari tana rabuwa falle-falle. Mai gudun suya zai iya shafa musu ɗan mai ya gasa a obin mai zafin digiri 220 na kamar minti 12 zuwa 15. Yana yi, amma gaskiya ba ya kamo na suya.

Abin da ya fi ba ni haushi a tarihin girkina a nan ya faru. Na soya su sun yi kyau, jawur, sai na ce bari in zuba a kula in rufe kada su huce kafin maigida ya dawo. Da na buɗe, kamar an dafa su a ruwa. Tururinsu ya rasa wurin fita ya koma musu. Tun daga ranar a kan ragar waya nake jera su, iska na bi ta ƙasa, ba na ɗora wani kan wani. Ko takardar tsane mai, in suka daɗe a kanta gindinsu jiƙewa yake yi. In dole su jira, ki sa ragar a obin da ƙaramar wuta, kamar digiri 100.

Burodin ki nemi ƙanana masu laushi, domin mai tauri in an gatsa sai ya matse kifin ya fito ta baya. Ki raba biyu, ki shafa bota a cikin, ki kifa a busasshen kasko har ya yi ja. Wannan gasasshen ɓawon shi ne katangar da ke hana miya ratsa burodin.

Miyar kuwa ba wuya: mayonis cokali 6, yankakkiyar kokwamba mai tsami ƙanana-ƙanana, ɗan albasa, ruwan lemun tsami cokali 1, masoro. Ta yi kauri yadda za ta tsaya a cokali. Ki haɗa ta tun da safe, ta fi daɗi in ta zauna a firij. Kabeji ki yanka siriri, ki sa ɗan gishiri minti 10, ki matse da hannu, za ki yi mamakin ruwan da zai fito. Tumatir ni na daina sawa gaba ɗaya. Na san akwai waɗanda za su ce sanwici ba tumatir ba sanwici ba ne, to su sa nasu a gefen faranti.

Batun haɗawa da wuri: komai za ki iya shiryawa tun da rana, har shafa wa kifin gari, ya jira ki a firij. Suya da haɗawa ne kawai ba a yi sai mutane sun zauna. Ni yanzu ma ba na haɗawa, nakan ajiye burodi, kifi, miya da kabeji kowanne daban, kowa ya gina nasa. Yaran da ke tsince kifi su bar burodi, da suka fara haɗawa da hannunsu sai suka koma cinyewa. In kin fi so ki haɗa da kanki, ki shafa miya kaɗan a ƙasa, kifi, kabeji a samansa, sauran miyar a murfin, ki soke da tsinke. Ki tuna ki zare tsinken a na ƙananan yara. Wanda ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, ki sa kifin shi kaɗai a firij, washegari ki ɗumama a kasko ko obin da sabon burodi.